Darasin Kiwon Lafiya: Labarin Ƙwaƙwalwa a Tambayi Ido

Darasinmu na wannan wata a kan buguwar kai ne, da yadda likitoci ke duba motsin ido don su gane ko ƙwaƙwalwa ta taɓu. A karanta shi a hankali. Wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba tukuna, musamman iyaye mata, da 'yan acaɓa, da samari masu dambe da ƙwallo.

Buguwar kai ba baƙon abu ba ne a karkara. Yaro ya faɗo daga kan mangwaro. Babur ya kayar da mutum a hanyar kasuwa. Jaki ya yi harbi, sa ya tunkuyi makiyayi, katanga ta faɗo da damina. Da kaka kuma ga filin dambe an buɗe. Sau da yawa, idan ba a ga jini ba, mutum kuma bai suma ba, sai a ce, "Allah ya kiyaye, ba abin da ya same shi." A yayyafa masa ruwa, ya karkaɗe riga, ya koma kan abin da yake yi. To, a nan kuskuren yake.

Mece ce girgizar ƙwaƙwalwa?

Ƙwaƙwalwa abu ce mai laushi ƙwarai. Tana zaune a cikin ƙoƙon kai, da ɗan ruwa kewaye da ita. Ka tuna da kindirmo a cikin ƙwarya. In ka bugi ƙwaryar da ƙarfi, wataƙila ba za ta tsage ba, amma kindirmon da ke ciki zai kaɗu ya tsinke. Haka yake ga kan mutum. Ƙashi yana nan lafiya, fata ba ta fashe ba, amma abin da ke ciki ya kaɗu. Wannan shi ake kira girgizar ƙwaƙwalwa. Bambancin kawai shi ne, kindirmo in ya tsinke ba ya komawa, ita kuwa ƙwaƙwalwa takan warke in an ba ta hutu.

Ba sai bugun ya sauka a kai ba. Idan mutum ya faɗi da ƙarfi a kan kafaɗa ko gadon baya, kansa ya fizgu gaba da baya, ƙwaƙwalwa tana iya girgiza.

Abubuwa biyu ne suke sa ciwon nan yake da wuyar ganewa. Na farko, yawancin waɗanda ya sama ba sa suma. A wajen 'yan wasa, cikin mutum 10 da suka sami girgizar ƙwaƙwalwa, wajen 9 ba su fita hayyacinsu ba. Na biyu, ko an kai mutum babban asibiti an ɗauki hoton kansa, sau da yawa hoton yakan fito lafiya lau. Hoto yana nuna karayar ƙashi da tarin jini. Ba ya nuna ruɗewar da ta sami aikin ƙwaƙwalwa. Ga kuma shi mai ciwon, wani lokaci yakan ɓoye. Ɗan dambe ba ya so a ce ya tsorata, yaro yana gudun faɗa a gida. Saboda haka likitoci suka nemi wata shaida wadda ba ta iya ƙarya. Ɗaya daga cikin shaidun da suka samu ita ce ido.

Me ya haɗa ido da ƙwaƙwalwa?

Hausawa sun ce labarin zuciya a tambayi fuska. To, labarin ƙwaƙwalwa kuma a tambayi ido. Kowane ido yana da tsoka 6 masu juya shi sama da ƙasa, dama da hagu. Tsokokin nan ba sa motsi don kansu. Umurni suke karɓa daga ƙwaƙwalwa ta hanyar jijiyoyi. Manyan jijiyoyin da suka fito kai tsaye daga ƙwaƙwalwa guda 12 ne a kowane ɓangare, kuma 3 daga cikinsu aikinsu ke nan, juya ido. Masana sun ce kusan rabin hanyoyin da ke cikin ƙwaƙwalwa suna da hannu a aikin gani. Ke nan da wuya ƙwaƙwalwa ta girgiza a ce abin bai taɓa ko ɗaya daga cikin hanyoyin nan ba.

Manomi zai fi kowa gane wannan. Idanu biyu kamar shanun huɗa ne, ƙwaƙwalwa kuwa ita ce mai riƙe da garma. In mai garma yana cikin hankalinsa, shanu za su tafi tare, kunya ta fito a miƙe. In ya jigata, sai ka ga wannan sa ya ja nan, wancan ya ja can, kunya ta karkace. Ba sai ka tambayi mai garma lafiyarsa ba. Dubi kunyar kawai.

Ido yana da irin motsi daban-daban, kuma kowane da sashen ƙwaƙwalwar da ke kula da shi.

Akwai tsalle. Yanzu haka da kake karanta wannan jarida, idonka ba tafiya yake yi sumul a kan layi ba. Tsalle yake yi daga kalma zuwa kalma, ya ɗan tsaya, ya sake tsalle, kamar sau 3 ko 4 a cikin sakan ɗaya. In ya kai ƙarshen layi sai ya yi dogon tsalle ya dawo farkon na ƙasa. Kai ba ka ji, amma haka ake yi.

Akwai bi. Wato yadda idonka yake bin shirwa tana shawagi, ba tare da ta ɓace maka ba.

Akwai haɗuwa. In mace za ta zura zare a allura, idanunta biyu sukan karkato wajen hanci don su haɗu a kan kafar allurar. In suka kasa haɗuwa, sai ta ga allura biyu.

Sai kuma riƙo. In kana bisa jaki yana sukuwa da kai, kanka yana rawa, amma bishiyar da kake kallo a gaba ba ta rawa. Dalili shi ne, a can cikin kunne akwai wani sashe mai auna motsin kai. Yana gaya wa ƙwaƙwalwa, ita kuma tana juya ido ya saɓa wa motsin kan. In wannan aiki ya lalace, mutum yakan ji jiri da tashin zuciya da zarar ya waiwaya.

Abin da ya sami wani mai tsaron gida

Masu sauraron ƙwallo a rediyo za su tuna da wasan ƙarshe na kofin zakarun Turai, wanda aka buga ranar 26 ga Mayu, 2018, tsakanin Real Madrid ta Sifen da Liverpool ta Ingila. Mai tsaron gidan Liverpool shi ne Loris Karius, mutumin Jamus. Jim kaɗan bayan an dawo daga hutun rabin lokaci, gwiwar hannun Sergio Ramos ta same shi a kai. Bai suma ba. Ya tashi ya ci gaba da wasa. Bayan 'yan mintoci ya jefa ƙwallo, sai ga ta a ƙafar Karim Benzema na abokan hamayya, ta shige raga. Can kusa da tashi kuma Gareth Bale ya bugo wata daga nesa, ta zo daidai hannunsa, ta suɓuce ta shige. Liverpool ta sha kashi da ci 3 da 1, Karius ya sha zagi a duniya.

Bayan kwana 5 sai likitocin wani babban asibiti a birnin Boston na Amurka suka duba shi. Suka ba da sanarwa cewa ya sami girgizar ƙwaƙwalwa a wasan, kuma abin ya taɓa yadda idonsa yake auna wuri da nisan abu. Wasu masu sharhi ba su yarda cewa wannan ne ya jawo kurakuran ba, gardamarsu ce. Abin lura a nan shi ne, dubban mutane suna kallon mutumin nan a fili, ga likitocin ƙungiya a gefe, amma ba wanda ya fitar da shi. In haka ta faru a Turai, ina ga filin ƙwallon ƙauyenmu?

Gwajin karanta lambobi

Wannan gwaji zai ba ɗaliban yaƙi da jahilci sha'awa, domin da lambobi ake yin sa. Sunansa King-Devick, sunayen mutum biyu ne da suka ƙirƙiro shi a Amurka a 1976, Alan King da Steven Devick. Da farko ba don buguwar kai aka yi shi ba. An yi shi ne don a gano yaran da karatu yake ba su wahala saboda motsin ido.

Kati 3 ne, an rubuta lambobi a jere a kan kowane, daga hagu zuwa dama, jimla 120. Ba a jera su daidai wa daida ba, wata kusa, wata nesa, don ido ya yi ta tsalle. Kati na uku ya fi na farko wuya, domin layukansa a matse suke. Mutum zai karanta lambobin da ƙarfi, da iyakar saurinsa, ba tare da kuskure ba. Wani kuma yana riƙe da agogo. Duk aikin bai kai minti 2 ba.

Dabarar ita ce, ana yi wa ɗan wasa gwajin tun yana lafiya, a rubuta lokacinsa a ajiye. Ran da ya bugu sai a sake. Mai lafiya yakan yi daidai da lokacinsa na da, ko ma ya ɗan fi sauri tun da ya saba. Wanda ƙwaƙwalwarsa ta girgiza yakan yi nawa, ko ya tsallake layi, ko ya maimaita lamba. A 2011 masu bincike a Jami'ar Pennsylvania ta Amurka suka gwada shi a kan 'yan dambe da 'yan kokawar duka su 39, kafin wasa da bayan wasa. Suka tarar duk wanda lokacinsa ya ƙaru da sakan 5 ko fiye, yana cikin waɗanda suka sha bugu a kai.

Gwajin yatsa da fensir

Na biyu ana kiransa VOMS. Likitoci a Jami'ar Pittsburgh ta Amurka ne suka fito da shi a 2014. Wannan ba ya bukatar wata na'ura, sai yatsa, da fensir ko ɗan tsinke mai rubutu a jiki, da abin awo.

Kafin a fara, likita zai tambayi mai ciwo abu 4: ciwon kai, jiri, tashin zuciya, da jin kamar hazo ya rufe tunani. Kowane zai ba shi maki daga 0 zuwa 10. Sai likita ya zauna a gabansa, nisan kamar mita 1, ya ce ya bi yatsansa da ido dama da hagu, sama da ƙasa, kai a tsaye. Daga nan ya ɗaga yatsu biyu nesa da juna, ya ce ya riƙa tsallaka ido daga wannan zuwa wancan da sauri. Sannan ya sa shi ya kafa wa abu ɗaya ido yana juya kai. Bayan kowane mataki sai a sake waɗancan tambayoyi 4. In maki ya ƙaru da 2 ko fiye, alama ce.

Akwai kuma awon haɗuwar idanu. Mai ciwo zai riƙe fensir a tsawon hannunsa, ya riƙa kawo shi wajen hanci sannu a hankali, idonsa a kai. Zai tsaya a inda fensir ya zama biyu, ko inda likita ya ga ido ɗaya ya kauce waje. A lura, ganin dishi-dishi ba shi ake nema ba, rabuwa biyu ake nema. Sai a auna daga nan zuwa kan hanci, har sau 3. In nisan ya kai santimita 5 ko ya wuce, wato kamar faɗin yatsu uku, ana ɗaukarsa alamar matsala.

Akwai kuma na'urori. Ɗaya daga cikinsu ita ce EyeBOX, wadda hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da ita a watan Disamba na 2018. Mutum zai ɗora haɓa a kanta ya kalli ɗan majigi yana zagaya allo na ƙasa da minti 4. Kyamara tana ɗaukar motsin kowane ido, kwamfuta tana lissafa ko suna tafiya tare. Amfaninta shi ne ba ta bukatar gwajin da aka yi tun mutum yana lafiya. Irin waɗannan kaya masu tsada ne, ba za mu tsaya a kansu ba.

Iyakar gwajin ido

Kada wani ya ɗauka gwajin ido shi ne alƙali. Shaida ɗaya ce cikin shaidu. Gajiya, rashin barci, giya da ƙwaya duk suna rage saurin ido. Wani kuma tun haihuwa harara-garke ne, wani yana da yana a ido, tsoho kuma dama ganinsa na kusa ya ragu. Haka nan akwai wanda ƙwaƙwalwarsa za ta girgiza amma idonsa ya ci gwajin. Da masana ciwon nan na duniya suka taru a birnin Amsterdam na ƙasar Holan a watan Oktoba na 2022, matsayarsu ita ce a haɗa gwaje-gwaje da dama: a duba tunani, a duba tsayuwa da tafiya, a duba ido, a saurari koken mai ciwo. Kuma mafi muhimmanci, gwajin ido ba ya tabbatar da cewa jini ba ya zuba a cikin kai.

Abin da za ka iya yi a gida

Kai ba likita ba ne, amma kana da ido. In wani ya bugu a kai, fara da wuya. Tambaye shi ko wuyansa na ciwo, ko hannu da ƙafa sun yi sanyi ko sun mutu. In haka ne, kada ka juya masa kai, kada ka ɗaga shi zaune, kada a ɗora shi a kan babur. A kwantar da shi a kan abu mai faɗi kamar ƙyauren ƙofa, mutum ɗaya ya riƙe kan da hannu biyu, a nemi mota.

In wuya lafiya, zaunar da shi a inuwa. Tambaye shi inda yake, wace rana ce, me ya faru. Dubi idonsa. Yana kallonka, ko ya ƙura wa iska ido? Ɗaga yatsa, ka ce ya bi shi da ido, ka tafi da shi dama da hagu a hankali. Idanun biyu suna tafiya tare? Suna rawa ko fizga? Tambaye shi yatsa nawa yake gani. Sannan dubi ɗan baƙin ɗigon da ke tsakiyar ido. Shi yakan tsuke in haske ya shiga, ya buɗe a duhu. Haska tocila a kowane ido ka gani. In na ido ɗaya ya fi na ɗayan girma, ko ya ƙi tsukewa, wannan ba maganar jira ba ce. Yana iya zama jini ne ya taru yana danne ƙwaƙwalwa.

Haka kuma a garzaya babban asibiti in ya suma ko da na ɗan lokaci ne, ko yana gani biyu-biyu, ko yana ta amai, ko ciwon kai sai ƙaruwa yake yi, ko ya yi jijjiga, ko magana ta harɗe, ko barci yana fizgarsa ana tashe shi da kyar, ko jini ko wani farin ruwa yana fita ta kunne ko hanci. In jariri ne, a lura da ƙin kama nono da kukan da ba ya tsayawa. Tsoho kuwa, ko faɗuwar ƙarama ce, a kai shi a duba. Akwai wanda zai tashi garau, ya yi hira, ya ci tuwo, bayan 'yan sa'o'i jiki ya rikice. In mutum ya fara surutai ko faɗa bayan buguwar kai, kada a tsaya ana cewa iska ce. Kada kuma a kira wanzami ya yi tsaga ko ƙaho. Jinin da ake tsoro yana can ƙarƙashin ƙashi, ƙaho ba ya kai wa gare shi.

Ko ba ka ga ɗaya daga cikin waɗannan ba, in dai yana jin jiri, ko ciwon kai, ko haske yana damunsa, ko ya manta abin da ya faru, a kai shi wurin malamin asibiti a ranar. Ka gaya wa malamin abin da ka gani a idon, zai taimaka masa.

Hutu da komawa aiki

Kada a bar shi shi kaɗai a kwana na farko. In malamin asibiti ya duba shi ya sallame shi, a bar shi ya yi barci, amma wani ya riƙa leƙa shi. Don ciwon kai ana iya ba shi farasitamol. Kada a ba shi asfirin, domin yana tsinka jini, kada kuma ya sha giya ko ƙwayar sa barci.

Ya huta kwana 1 zuwa 2, ya rage kallon waya da talabijin. Da can akan ce a kulle mai ciwo a ɗaki mai duhu kwana da kwanaki. Yanzu an gano hakan ba ya taimakawa. Bayan kwana biyun ya fara ɗan tattaki da ƙananan ayyukan gida, yana ƙarawa kaɗan-kaɗan. In ciwon kai ko jiri ya tsananta, ya dakata. Yawancin manya sukan warke cikin mako 2, yara kuwa sukan kai mako 4. In an wuce wata ɗaya ba sauƙi, a koma asibiti. Kafin ya warke sarai, ba tuƙa babur, ba hawa bishiya, ba shiga rijiya. Mutumin da idonsa ba ya auna nisa daidai, ya za a yi ya kauce wa mota a kan titi?

Maganar babur ta tuna mana da hular kwano. Da hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa ta fara tilasta sa ta a ranar 1 ga Janairu, 2009, wasu 'yan acaɓa ƙwarya suka riƙa kifawa a kai don su ruɗi jami'ai. Abin dariya ne, amma ƙwarya ba ta tare kwalta. Hular kirki tana kare ƙoƙon kai daga fashewa, tana ceton rai. Sai dai ba ta hana ƙwaƙwalwa kaɗuwa a ciki ɗungurungum. Saboda haka wanda ya faɗi da hula a kansa, shi ma a dube shi.

Ga sarakunan dambe da shugabannin ƙungiyoyin ƙwallo kuma, magana ɗaya ce. Wanda aka buga a kai ya tashi yana tangaɗi, ko idonsa ya juye, ya gama wasa a ranar, ko da ya rantse lafiyarsa ƙalau. Mun san da wuya. Makaɗa suna zuga shi, 'yan garinsu suna kallo, shi kuma yana so ya rama kisan da aka yi masa. Amma bugu na biyu a kan ƙwaƙwalwar da ba ta warke ba ya fi na farko haɗari. A wasu lokuta, musamman ga matasa, takan kumbura nan take, mutum ya rasa ransa. Ko a ƙwallon duniya, daga watan Yuli na 2024 an shigar da doka wadda ta ba masu shirya gasa damar ƙara canji na musamman, don a fitar da wanda ake zaton ƙwaƙwalwarsa ta girgiza.

Aikin aji

Malami ya raba ɗalibai biyu-biyu. Ɗaya ya ɗaga wannan jarida daidai fuskarsa ya karanta layi 3 a zuci, ɗayan ya leƙa ta saman takardar ya kalli idonsa. Zai ga tsallen da muka faɗa ƙuru-ƙuru. Sai su yi canji. Bayan haka kowa ya bi yatsan abokinsa da ido, dama da hagu, sama da ƙasa. Daga nan a rage hasken ɗaki, a haska tocila a ga yadda ɗigon tsakiyar ido yake tsukewa. A maimaita har kowa ya saba da kamannin lafiyayyen ido.

A ƙarshen aji kowane ɗalibi ya rubuta a littafinsa sunan babban asibitin da ya fi kusa da garinku, da sunan mai motar da za a iya tasa ko da tsakar dare ne.